Kurciya da Gobarar Gizo

To jikokina, ku matso. Ga ta nan, ga ta nanku.

Ta zo mu saurara, Kaka.

Wata rana kwaɗayin gasasshiyar fara ya kama Gizo, sai ya cinna wa ciyawa wuta. Iska ta kwashi wutar ta haye kan tsamiya, ta cinye sheƙar Kurciya da ƙwayayenta biyu.

Kurciya ta yi kuka har muryarta ta dushe.

Gizo ya zo ya ce, "Wallahi iska ce, ba ni ba." Ta juya masa baya.

Ya dawo da ƙwaryar gero. Ta ce, "Gero zai ƙyanƙyashe mini 'ya'ya?"

Zuwa na uku ya durƙusa ya ce, "Ni ne. Ki yafe mini." Ta tashi fir, ta bar shi durƙushe.

Ran Lahadi dabbobi suka taru a majami'a. Da aka zo wurin roƙon Allah Uba ya yafe mana kamar yadda muke yafe wa wasu, sai maganar ta maƙale wa Kurciya a wuya. Har Lahadi uku tana kasa faɗa.

Tsoho Kunkuru, dattijon majami'ar, ya same ta a waje.

"'Yata, me ya rufe miki baki?"

"Baba, in na yafe masa, kamar na manta da 'ya'yana ne."

"Wa ya ce ki manta? Yesu yana kan gicciye, jini na zuba, ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Ciwon bai daina ba, amma bai riƙe su ba."

Kurciya ta tashi ta nufi gidan Gizo. Matarsa Ƙoƙi ta ce, "Tun ranar ko tuwo ba ya iya haɗiyewa."

Ga shi kwance, ya rame, sai idanu.

Kurciya ta ce, "Gizo, zuciyata tana ciwo har yanzu. Amma saboda Yesu, na yafe maka."

Gizo mai bakin tsiya sai ya fara zubar da hawaye. Ita ma ta fashe da kuka. Ƙoƙi ta kawo tuwo, suka ci a kwano ɗaya.

Kun ji, yara: yafiya ba ta dawo da abin da ya ƙone, amma tana hana wutar cin mai rai. Wanda Allah ya yafe wa, shi ma ya yafe.

Ƙungurus kan kusu, ta ƙare a nan.