Dalilin da Ya Sa Ƙasar Fadama Ba Ta Riƙe Gini

Dalilin da ya sa in aka yi gini a fadama bango yake tsagewa, alhali albasa tana yin kai a wurin, ku matso yara ku ji shi.

A zamanin da, ƙasa duk iri ɗaya ce. Inda ka shuka ya fito, inda ka gina ya tsaya, inda ka haƙa masai ya shanye ƙazanta. A lokacin akwai wata mata mai suna Kyauta, da yayanta Jatau magini. Mahaifinsu ya rasu ya bar musu fili ɗaya a bakin rafi. Nan Kyauta take lambu, da albasa da yalo da tattasai, da shi take ciyar da 'ya'yanta tun da mijinta ya mutu.

Da Jatau ya yi aure, sai ya ce a filin nan zai gina gida.

Kyauta ta ce, "Yaya, in ka danne lambun, me yaran nan za su ci?"

Ya ce, "Ƙasa ai ƙasa ce. Ki koma gaba ki shuka."

"Gaba babu ruwa, Yaya."

Bai saurare ta ba. Ya buga tubali, ya ɗora ɗaki a kan rabin albasarta, ya haƙa masai dab da inda take ɗiban ruwa. Kafin damina ta yi nisa ruwan ya ɓaci, ƙaramin ɗanta ya kwanta da ciwon ciki.

Wata safiya Kyauta tana durƙushe tana cire ciyawa tana kuka, sai ta ji murya daga ƙarƙashin hannunta. Ƙasa ce take magana.

"Na gaji, Kyauta. A wuri ɗaya an ɗora mini ɗaki, an zuba mini ƙazanta, kuma ana so in ba da abinci. Ke kike shayar da ni. Ki ce in haɗiye gidan nan, yanzu in haɗiye shi."

Kyauta tana jin haushin yayanta, amma matarsa Tambai tana cikin ɗakin da jariri a goye.

Ta ce, "A'a. Ɗan uwana ne. Ki dai sa ya tashi, kada ki taɓa ran kowa."

Ƙasa ta yarda. Da ruwa ya sauka ta sha ta kumbura, har ƙofar ɗakin ta ƙi rufuwa. Masai ya cika ya ƙi tsotsewa. Da rani ya shigo ta bushe ta dare, bango ya tsage tun daga tushe har sama. Jatau ya liƙe, ya sake tsagewa. Ranar da suka kwashe kayansu suka fito, ɗakin ya zauna a ƙasa.

Kyauta ta same shi zaune a kan tubalan da suka zube, ya haɗa kai da gwiwa. Duk fushinta ya tafi. Ta koma lambu ta dafa ƙasa da tafin hannu.

"Kin tashe shi, to ina zai sa iyalinsa?"

Ƙasa ta ce, "Zan raba kaina. Ƙarfina zan kai tudu, ya zama jar ƙasa, ta ɗauki gini. Rairayina zan zube a gefe, ya zama jigawa, a haƙa masai can nesa da rijiya. Maiƙona zan bari nan kwari domin shuka. Amma ki sani, ke ma ba zan ɗauki ɗakinki a nan ba. Kullum sai kin tako daga tudu."

Kyauta ta dubi bukkarta da ke gefen lambun, wadda mahaifinta ya kafa mata da hannunsa. Sannan ta ce, "Na yarda. Ƙafata lafiya lau."

Ta je ta gaya wa Jatau. Ya hau tudu ya kwaɓa jar ƙasar, ya ji tana kama hannu. Ɗakin farko da ya gina a can na Kyauta ne, sannan ya yi nasa. Ruwan rafi ya washe, yaron ya miƙe, albasa kuwa ta yi girman da ba a taɓa gani ba. In ta tashi daga lambu da yamma, Jatau ne yake sauka ya ɗauko mata kwandon.

Shi ya sa har yau ake gina gari a tudu, a haƙa masai a jigawa, a bar fadama ga masu lambu. In kun ga baƙar ƙasa ta dare da rani, tana tuna wa magina ne cewa wurin nan na abinci ne.