Kibiya a Gonar Wake

Akwai wani mutum, manomi ne, maharbi kuma, wanda ya share ɗan fili a bakin daji ya shuka wake. Ba don rumbu ya shuka shi ba, don barewa ne, gama barewa tana son ganyen wake, shi kuwa yana son namanta.

Da kaka ta yi, dawa ta sunkuyar da kai, sai ya ga sawun kofato a tsakanin kunyoyi. Da yamma ya ɗauki baka da kwari, kibansa duka shafe da dafi, ya hau wata kaɗanya a gefen gonar ya zauna. Rana ta yi ja, ta faɗi, ba abin da ya zo. Sauro ya dame shi, ransa ya fara ɓaci, don ya riga ya yi wa iyalinsa alkawarin nama.

Duhu ya soma shiga sa'ad da ya hangi wani abu a ƙarshen gonar, a sunkuye, yana tsinkar ganye yana matsawa a hankali. Bai ga ƙaho ba, bai ga kunne ba. Ya ce a ransa, "Me zai shigo wake a wannan lokaci, in ba barewa ba?" Ya ja baka, ya saki.

Abin ya faɗi, ya yi kuka da muryar mutum.

Maharbin bai san yadda ya sauko daga kaɗanyar ba. Yana tafiya cikin waken, yana roƙon Allah ya sa kunnensa ne ya ruɗe shi. Da ya isa, sai ya tarar da Lai'atu, tsohuwar gwauruwa maƙwabciyarsa, kwance kusa da ƙwaryarta. Kibiyar ta keta zanenta, ta yanki ƙwaurinta, ta kafe a ƙasa.

"Ka yafe mini, ɗana," in ji ta. "Ganyen miya kawai nake tsinka. Kunyar roƙo ce ta sa na bari sai da duhu."

Shi ya dafa dafin nan da hannunsa, ya kuwa san aikinsa. Ya tsinke tsirkiyar bakansa ya ɗaure ƙafar tam, ya tsotsi jinin yana tofarwa har leɓunansa suka yi nauyi. Sa'an nan ya goya ta, ya nufi gari da gudu.

"Inna, kina jina?"

"Ina ji."

Ya haye rafi, ya sake kira. "Inna?" Shiru. Hannuwanta suka saki wuyansa. Ya ci gaba da gudu yana kuka, bai sani ba ko mai rai yake ɗauke da ita ko gawa.

Wani tsohon maharbi mai maganin dafi ya karɓe ta. Allah ya yi jinƙai, ta rayu, ta kuma gafarta masa da zuciya ɗaya. Amma ƙafar ta shanye. Kowace Lahadi yana zaune a sujada yakan ji ƙarar sandarta tana shigowa, har ranar da ta bar duniya.

Ga ma'anar wannan misali, 'yan'uwa. Baka shi ne harshenmu, kibiya ita ce magana, dafin kuwa fushi ne da zargi. Duhun magariba shi ne rashin saninmu, gama ɗan kaɗan muke gani na rayuwar ɗan'uwanmu. Mukan hangi motsi daga nesa mu ce, "Wane ɓarawo ne, wance ta lalace," mu saki, alhali ba mu san yunwar da ta sunkuyar da su ba. Ubangiji mai gafara ne, wanda ka harba ma yana iya yafe maka, amma da raunin zai ci gaba da tafiya. Saboda haka, kafin ka faɗi wata magana a kan mutum a wannan mako, sauko daga inda kake zaune, ka matsa kusa, ka ga fuskarsa tukuna.