Wa Ya Yanka Akuyar Gidiyon?

A cikin ma'aikatan wani kamfanin roba da ke Sharada akwai wani mutum mai suna Gidiyon, ɗan asalin Zonkwa ta kudancin Kaduna. Shekara goma sha bakwai ya yi yana tsayuwa gaban injin da ke fitar da bokitai da kujeru, kuma duk faɗin kamfanin ba wanda zai ce maka mugu ne. Yana da kyauta, yana da fara'a, ga son jama'a. Aibinsa guda ne, amma fa babba: bai iya jira ba. Idan keke napep ya tsaya ɗaukar fasinja, sai ya diro ya ƙarasa da ƙafa. Shayi ma a tsaye yake sha, yana ƙona harshe yana mita. Abokan aiki har suna suka sa masa, Yanzu-yanzu. Abin da ya fi muni shi ne, duk ranar da gaggawar ta jawo masa ɓarna, maimakon ya ce na yi kuskure, sai ya lalubo 'yar ƙaramar ƙarya ya lulluɓe.

Gidiyon Kirista ne, amma yawancin abokan aikinsa da maƙwabtansa Musulmi ne, kuma kowace ranar ɗaya ga Janairu a gidansa ake haɗuwa. Matarsa Tabita takan dafa shinkafa dafa-duka, ta yi farfesun kayan ciki, ta soya nama, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida. Kafin a zauna kuwa sai an kai kwano-kwano gidaje bakwai na layinsu. Domin kowa ya ci hankali kwance, Gidiyon bai taɓa yanka akuyar da kansa ba. Wannan aikin Baffa Abdulbaqi ne, wani dattijo mutumin Ringim da ke aiki a kamfanin jimar fata a Challawa. Gidan haya ɗaya suka fara zama tun Gidiyon yana gwauro. Baffa yakan zo da wuƙarsa da safe, ya fuskanci alƙibla, ya yi bisimilla ya yanka, sannan su zauna fiɗa suna hira. Duk layin an san haka, har an daina tambaya.

A shekarar da abin ya faru, Gidiyon ya ɗora wa ranar kaya fiye da ƙima. Ya yi wa Tabita da 'ya'yansu mata biyu, Godiya da ƙanwarta, alkawarin zuwa gidan zu kallon namun daji da yamma, har ya ce wa mai keke ya zo ƙarfe uku daidai. Lissafinsa shi ne a yanka ƙarfe bakwai, a ci ƙarfe ɗaya, a watse kafin uku.

Tabita da yaran suka tafi sujadar safe a coci, shi ya tsaya jiran Baffa. Bakwai ta yi, shiru. Bakwai da rabi, shiru. Ya leƙa waje ya fi sau goma, ya dawo ya dubi akuyar tana tuƙa abinta a gindin turke kamar da gangan take yi masa. Ya ɗauko waya ya kira.

"Baffa, kuna ina ne? Rana fa tana yi."

"Ka yi haƙuri, Gidiyon. Aikin dare na yi, wanda zai karɓe ni bai zo ba, kuma ba dama in bar inji yana aiki ba kowa. Ka ba ni zuwa ƙarfe goma, in sha Allahu ina nan tafe."

"Goma!"

"Goma ɗin ma ai safiya ce. Akuyar ba guduwa za ta yi ba."

Gidiyon ya kashe wayar yana huci. Goma ta yi masa nisa kamar baɗi. A layin akwai Musulmi da yawa da zai iya roƙa su yanka masa, amma ya ga kafin a yi sallama, a gaisa, a jira mutum ya sako riga, wani lokacin ya sake tafiya. Ya dubi ƙofar gida a rufe, ya dubi wuƙar Tabita a kan turmi. Zuciyarsa ta ce masa, yanka ai yanka ne, wa zai gani? Ya wasa wuƙar a bakin dakali, ya danne akuyar da gwiwa, ya yanka.

Da jinin ya gama zuba sai ya tuna Baffa na nan zuwa da wuƙa a hannu. Nan take ya sake kiransa.

"Baffa, kada ku wahalar da kanku. Na sami wani mahauci yana wucewa, ya yanka mini. Ku wuce gida ku huta kawai."

"To madalla, Allah ya yi albarka," in ji Baffa.

Ƙarfe tara da rabi Tabita ta dawo, ta tarar da nama a yanyanke cikin baho. Ta yi murna, ta ce, "A'a, har Baffa ya zo?"

"Ya zo ya tafi," in ji Gidiyon, bai ko ɗago kai ba. Ya san idan ya ce mahauci, sai ta tambayi wane mahauci, shi kuwa ba shi da lokacin dogon bayani.

Girki ya yi kyau ranar, ƙanshi har bakin titi. Kafin sha biyu Tabita ta zuba kwanuka bakwai, ta bi gidajen layin da kanta ta miƙa. Bayan azahar baƙi suka fara sallama. Mutum wajen goma sha biyar suka zazzauna a tabarmi, rediyo na tashi, ana ta barka da sabuwar shekara, ana tsokanar Gidiyon cewa bana ma ya riga kowa shiga shekarar. Shi kuwa sai kai da kawowa yake da faranti, yana satar kallon agogo.

A cikin baƙin akwai Alhassan, wani mutumin Maraɗi da bai fi wata uku da fara aiki a kamfanin ba. Wannan ne zuwansa na farko. Da aka ajiye farantin nama gabansa, sai ya karkata wajen Uba, tsohon abokin aikin Gidiyon wanda ya gayyato shi, ya yi ƙasa da murya.

"Malam Uba, ba don wani abu ba, wa ya yanka?"

Uba ya haɗe rai. "Kai, Alhassan, kada ka ba mu kunya. Nan gidan ba a wannan tambayar. Shekara nawa muna ci a nan? Ni na tsaya maka, ci abinka."

Maganar ta shiga kunnen Gidiyon. A nan ne Allah ya ba shi dama ta ƙarshe, ya kuwa sa ƙafa ya shure ta. Ya yi dariya, ya ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Bar shi ya tambaya, ai baƙo ne. Baffa Abdulbaqi ne ya yanka da hannunsa, kamar kullum."

Alhassan ya ji kunya, ya ba da haƙuri har sau biyu, ya yi bisimilla ya kai loma.

Ana tsakiyar ci aka yi sallama a ƙofa. Gidiyon ya san muryar. Baffa ne ya shigo, idanunsa jajur saboda rashin barci, ga warin jima bai gama barin jikinsa ba. Ashe da ya koma gida ya ɗan runtsa, sai ya ga bai kyautu shekara ta juya bai taka ya gaida amininsa ba.

Uba ya yi caraf ya tare shi da murna. "Ga mai wuƙa nan! Baffa, Allah ya ƙara wa hannun nan albarka. Ka yanka mana akuya mai daɗi bana."

Baffa ya tsaya yana cire takalmi. "Ni? Ai bana ban samu zuwa ba, aiki ya riƙe ni. Mahauci ne ya..." Sai ya ga yadda fuskoki suka juya gaba ɗaya wajen Gidiyon.

Tabita na bakin madafa da ludayi a hannu. "Wane mahauci kuma? Baban Godiya, ba ka ce mini Baffa ya zo ya tafi ba?"

Wani ya miƙa hannu ya kashe rediyon. Gidiyon ya buɗe baki, ya nemi ƙarya ta huɗu, ya rasa. Mutumin da bai taɓa tsayawa wuri ɗaya na minti guda ba, yau ga shi a kafe da faranti a hannu.

Baffa ya ce a hankali, "Gidiyon, kai muke saurare. Wa ya yanka?"

"Ni ne," in ji shi, da wata murya da shi kansa bai san yana da ita ba.

Ba wanda ya yi ihu, ba wanda ya zage shi, kuma da zaginsa aka yi da ya fi masa sauƙi. Hannuwa kawai ya ga suna janyewa daga faranti ɗaya bayan ɗaya. Alhassan ya ajiye tsokar da ke hannunsa a gefen faranti, ya nemi buta. Uba kuwa ya sunkuyar da kai, ya kasa haɗa ido da baƙon da ya gama yi wa faɗa.

Baffa bai zauna ba. Ya ce, "Da ka faɗi gaskiya tun farko, ba abin da zai faru. A cikinmu akwai masu cin yankanku, don malamansu sun ce ya halatta. Akwai waɗanda ba sa ci, su sai su sha lemo a yi hira, a tashi lafiya. Kowa da ya zaɓa da kansa. Amma ka hana su zaɓi, kuma da sunana ka hana su. Shekara goma sha bakwai mutanen nan suna sa hannu a kwanonka ido rufe saboda an ce Baffa ne. Yau ka sa ni shaidar abin da ban gani ba."

"Baffa, ku yafe mini. Sauri ne ya..."

"Na yafe maka, Allah ma muna yi masa laifi ya yafe. Amma ba ni kaɗai ka yi wa ba."

Baƙi suka tashi da ɗai-ɗai, kowa ya yi godiya a taƙaice ya fita. Tsakar gida ta rage daga tabarmi sai faranti cike da nama. Ƙarfe uku daidai mai keke ya yi hon a ƙofa, yara na tsaye cikin sababbin kaya. Tabita ta fita ta sallame shi, ta dawo ta tsaya gaban mijinta, hawaye na zuba.

"Gida bakwai na shiga da ƙafata," ta ce. "A gida uku an tambaye ni, na ce Baffa ne, don haka ka gaya mini. Ka mai da ni maƙaryaciya ban sani ba. Ba zan bari su ji a bakin wasu ba. Tashi ka je ka faɗa musu da bakinka."

Tafiyar ba ta fi taku ɗari biyu ba, amma Gidiyon bai taɓa yin mai tsawonta ba. A kowace ƙofa sai ya yi sallama, ya jira a fito, ya maimaita maganar tun daga farko. Wani ya ce ba komai, amma fuskarsa ba ta ce haka ba. Wani ya shiga ya fito masa da kwanon, rabin abincin na ciki. Wata mata daga bayan ƙyaure ta ce, "Kai kuwa me ya yi zafi haka?" Ya ba da haƙuri ya wuce.

Gida na ƙarshe shi ne wanda ya fi jin tsoro, gidan Iya Halimatu Sa'adiya. Tsohuwar nan ita ta yi wa Tabita wankan jego a haihuwarta biyu, lokacin da ba su da kowa a Kano. Kuma ba ta taɓa mayar wa Tabita kwano haka nan ba, ko gyaɗa ce, ko kuka, ko 'yar daddawa, sai ta saka wani abu a ciki. Ya same ta a zaure tana jan carbi, ya durƙusa har ƙasa, ya faɗa mata komai.

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Na ci, jikokina sun ci, har na ajiye wa maigidana Malam nasa. Abin da na ci ban sani ba, Allah ba zai kama ni da shi ba. Kai ne ka sani, ɗana."

Ta tashi da ƙyar ta shiga ciki. Ya ji ƙarar ruwa da soso. Ta fito ta miƙa masa kwanon a rufe, ta ce, "Ka gaida Tabita. Ka ce mata na gode da ɗawainiyar shekara da shekaru. Baɗi kada ta wahalar da kanta."

Ya koma gida yana jan ƙafa, ya miƙa wa matarsa kwanon ba tare da ya dube ta ba. Tabita ta buɗe murfin. An wanke shi tas, har yana ƙyalli, ba komai a ciki. Ta zauna a bakin turmi ta rungume kwanon, ta fashe da kuka.

Darasin da ke cikin wannan labari a fili yake. Jiran awa biyu da rabi kawai aka nema daga Gidiyon ya kasa, kuma ko bayan ya kasa, kalmar gaskiya guda ɗaya ta isa ta fitar da shi. Maƙwabcin da ya ci abincinka bai tambaya ba, ba cikinsa kawai ya ba ka ba, ya damƙa maka amanar addininsa da mutuncinsa. Kada ka yanke wa mutum hukunci a kan abin da ya shafi imaninsa don kai ka ga ƙaramin abu ne, kada kuma ka ari sunan mutumin kirki ka rufe kuskurenka da shi. Idan ka yi ɓarna, faɗe ta tun tana ƙarama. Mutane na iya yafe maka a rana ɗaya, amma yardar da suka yi shekaru suna ba ka ba ta dawowa da kalmar yafiya.