Bakaniken da Ya Daina Durƙusawa

Ya 'yan uwa, an taɓa yin wani bakanike da Allah ya ba kunne. Mota za ta shigo garejinsa tana tsalle kamar amalanke, ya zaga layi da ita, ya sauko ya ce shokozoban baya ne ya mutu, ko iska ce ta yi wa taya yawa. A duba, a tarar haka ne. Mutane suka sa masa suna Likita.

Sunan ya hau masa kai. Ya daina shiga ƙarƙashin mota, ya koma sa fararen kaya, yana zaune yana nuni da mukulli. In an ce Allah ya yi masa baiwa, sai ya ce, "Ƙwaƙwalwa ce."

Wata rana yayarsa, wadda ta goya shi yana jariri, ta kawo motarta. Ta ce kowane rami sai ta ji shi a ƙashin bayanta, ga sitiyari na rawa. Ya canza shokozoba, jijjigar ta ragu. Ba a jima ba yayar ta dawo.

"Ƙanena, har yanzu in na sha kwana sai kan motar ya ƙi bin hannuna. Ɗaga ta ka duba mini."

Masu motoci na zaune suna ji. Ya yi dariya.

"Yaya, hannunki ne ke rawa. Wallahi babu abin da ya rage a motar nan."

Me zai rage shi da shi in ya sa jak ya girgiza tayar? Da ya ga ƙarfen da ya haɗa ta da sitiyari ya cinye. Amma Likita guda ya durƙusa gaban jama'a?

Ta yarda da rantsuwarsa. A wata kwana ƙarfen ya tsinke, motar ta wuntsila. Yayar ba ta sake takawa da ƙafarta ba.

Waɗanda suka ji rantsuwar suka baza labari, gareji ya bushe. Ita kuwa tana kwance tana ce wa masu dubiya, "Kar ku zarge shi, ƙanena ya duba ta, ƙaddara ce." Yana tsaye bakin ƙofa yana ji, ya kasa shiga.

Ya 'yan uwa, baiwa aro ce, Mai ita yana kallon yadda ka riƙe ta. Wanda ya fi ƙarfin a ce masa "sake dubawa", ya ji tsoron ranar da za a duba shi.

Allah ya raba mu da girman kai da rantsuwar ƙarya, ya kiyaye mu da waɗanda suka amince mana.