Hannun da Aka Ji Kunyar Wankewa

Akwai wata mata mai wankin miki a wani ƙaramin asibitin ƙauye, a zamanin da ake tafasa allura a tukunya, masu jinya kuma suna girki a gindin darbejiya. Mutanen lokacin suna da ladabi irin wanda ba mu cika gani yanzu ba. A bakin ƙofa akwai buta da sabulu, domin ƙa'idar wurin ita ce a wanke hannu bayan kowane mara lafiya.

Wata safiya aka kawo wani tsoho, aminin mahaifinta, da gyambo a ƙafa yana ruwa. Ta durƙusa ta wanke, ta ɗaure. Da ta miƙe za ta ɗauki buta, sai tsohon ya yi dariya ya ce, "Af, 'yata, ƙyamata kike yi? Ni da na ɗauke ki a kafaɗa kina goge mini majina a hula?"

Kunya ta kama ta. Ta ce, "Haba Baba, wane ni!" Ta share hannu a zane, ta juya ga mai bi masa, wata yarinya da tafasasshen kunu ya ƙona a hannun dama.

Bayan kwana uku hannun yarinyar ya kumbura, ya tara mugunya, zazzaɓi ya rufe ta. Likita ya ce in bai sauka ba, sai an yanke. Kwana tara matar tana jinyarta tana addu'a. Hannun ya tsira, amma yatsu biyu suka sandare.

Da tsohon ya ji, ya zo yana dogara sanda, idonsa cike da hawaye. Ya ce, "'Yata, wasa nake yi. Don me kika biye mini?"

'Yan'uwa, ga ma'anar wannan misali. Kunya ado ce, amma ba ta fi biyayya ga Ubangiji ba. Sau da yawa mun san abin da yake daidai, sai mu bar shi don kada ran wani babba ya ɓaci. Wanda yakan sha wahalar kuwa ba shi ne wanda muka ji kunyarsa ba, wani ƙarami ne da ba ya cikin maganar. Tsohon nan ya warke sarai. Yarinyar ta girma har ta ga jikoki, amma da hagu ta tuƙa tuwo duk kwanakinta.