Murɗaɗɗen Fure a Barandar Baban Tabita

Akwai wani mutum a wani gari na kan duwatsu, ana ce da shi Baban Tabita. Yana da mata da 'ya'ya uku da baranda cike da furanni, yana kuma da zuciya. In na ce zuciya, ba irin wadda ake ɗan ɓata rai a huce nake nufi ba. Mutumin nan in ruwan wanka ya cika zafi, faɗa. In ya huce, faɗa. Kaza ta ratsa tsakar gida, sai ya nemi wanda ya aiko ta. In ya gama zazzaga wa mutanen gida masifa aka ba shi haƙuri, amsarsa ɗaya ce kullum: haka Allah ya yi shi, hali zanen dutse ne. Da wannan magana yake rufe bakin kowa, har dattawan ikilisiya suka gaji suka sa masa ido.

Furannin barandar nan wani iri ne da ake kawowa daga nesa. Mutanen gidan suna ce masa furen takalmi, domin leɓensa na ƙasa a kumbure yake da rami, kamar takalmin jariri. Hagu da dama kuma yana da kunnuwa biyu dogaye masu saukowa. A wani irin miƙaƙƙu ne, a wani kuma murɗaɗɗu kamar igiyar rama, masu son abin kuwa sun fi darajanta murɗaɗɗen. Ba ya son rana mai zafi, ba ya son ƙasa mai riƙe ruwa. A cikin ɓawon itace da gawayi ake dasa shi, a ajiye a inuwa.

A cikin tukwanen duka akwai wata tsohuwa mai tsagaggen baki, ita ce mafarin komai. Ba tasa ba ce, ta matarsa ce. Mahaifiyarta ce ta ba ta ranar da ta bar gida, mahaifiyar kuwa ta daɗe da rasuwa. Furen cikinta yakan yi 'ya'ya a gindi, sai matar ta mai da shi al'ada: duk ɗan da zai bar gida, ta raba masa guda ya tafi da shi. Tabita ta tafi da nata, ƙaninta ya tafi da nasa, amma ba su daɗe a hannunsu ba, gama garuruwan da suka je akwai zafi. Saura ƙaramarsu, wadda kowa ke kira Auta, da ta sami aikin jinya a wani gari mai sanyi, za ta tafi bayan kaka. Tun tana yarinya take jiran nata rabon, tana cewa a hannunta ne furen kakarta zai rayu.

Wata Lahadi bayan sujada, wani baƙo ya tsaya a barandar ya yaba, sannan bakinsa ya suɓuce ya ce ya taɓa ganin waɗanda suka fi waɗannan murɗewa a gidan wani. Shi ke nan, an taɓa Baban Tabita inda yake masa ƙaiƙayi. Ranar ko tuwon kirki bai ci ba. Washegari ya sa hula ya nufi lambun wata dattijuwa, Mama Fibi, wadda take sayar da irin furannin nan a bayan gari, ya ce a nuna masa wanda ya fi kowanne murɗewa.

Ta nuna masa iri-iri. Ga mai gajerun kunnuwa masu ɗigo-ɗigo, ga mai murɗa ɗaya a ƙarshen kunne, ga wani mai kunnuwa dogaye har sun kusa taɓa bakin tukunya, sun murɗe tun daga sama har ƙasa. Ta ce in zai zaɓa, ya dubi kunnuwan biyu ko sun yi daidai da juna, ya dubi ganye ko a miƙe yake da ƙarfi. Ina! Mutumin bai ji ko rabi ba, idonsa ya riga ya tafi wani wuri. Can bayan randar ruwa, nesa da sauran, ya hango wata tukunya ita kaɗai. Furen cikinta ya murɗe ko'ina: kunne ɗaya ya nannaɗe ya koma baya, ɗayan ya karkace, leɓen ya jirkice, har ganyen ma ya kanannaɗe da zane-zane rawaya a jiki. Ya ce ai ga abin da yake nema.

Mama Fibi ta ce masa wannan ba na sayarwa ba ne, mara lafiya ne, jira take ta hura wuta ta ƙone shi. Da jin haka ya yi wata dariya ta raini. Shi za a yi wa wayo? Ai ya san halin masu kasuwa, a ɓoye mai kyau a bayan randa a ajiye wa wani mai babbar mota. Ya ɗaga murya har masu wucewa suka tsaya. Zagi yake, ta inda yake shiga ba ta nan yake fita ba, a gaban matar da ta isa ta haife shi. Da abin ya ishe ta, sai ta ce, "Ɗauki, ɗana. Ban sayar maka ba, ban kuma ba ka kyauta ba. Amma don Allah kada ka haɗa shi da 'yan'uwansa." Ya sungumi tukunya ya tafi yana huci, yana ganin ya yi nasara, alhali kallon kitse yake yi wa rogo.

Da ya isa gida matarsa ta duba ta sake dubawa, ta ce a hankali, "Baban Tabita, wannan kamar ba shi da lafiya." Kai, da ta sani da ta yi shiru. Ya ce ita me ta sani, wato ita ma ta haɗa baki da waccan tsohuwar ke nan. Don ma ya nuna mata iyakarta, ya ture sauran tukwane ya ajiye sabon a tsakiya, kafaɗa da kafaɗa da tsohuwar tukunyar mahaifiyarta.

Ya ɗauko wuƙa ya yanke wa sabon wani ganye da ya yi rawaya. Yana riƙe da wuƙar sai ya tuna lokaci ya yi da za a raba wa Auta nata, don ya kama saiwa kafin tafiyarta. Ya ce yau shi zai raba. Matar ta roƙe shi ya bar mata, in kuma lalle sai shi, to ya bari ta kai wuƙar murhu ta sha wuta tukuna, gama haka mahaifiyarta ta koya mata: ba a taɓa fure biyu da wuƙa ɗaya sai ta bi ta wuta. Ya ce camfin tsofaffi ne, shi ba ya kawo camfi a gidan mai bi. Ku ji fa, mutumin da ya zagi dattijuwa da safe shi ne yake wa'azin bangaskiya da yamma. Ya luma wuƙar a gindin tsohon furen, ya raba, ya dasa wa Auta a sabuwar tukunya.

Damina ta yi nisa. Sabon ganyen da tsohon furen ya fitar ya fito a karkace, na kusa da shi ma haka. Kun san abin da mutumin nan ya yi? Murna ya yi. Ya kira mutanen gida ya ce su zo su gani, har sauran sun fara koyon murɗewa. Matarsa ta duba, ta koma ɗaki ta yi kuka. Ba a jima ba zanen rawaya ya koma baƙi, ƙunshin furanni suka riƙa zubewa tun ba su buɗe ba, ganye ya yi laushi kamar dafaffen alayyafo. Ya ce ruwa aka cika. Ya ce an bar su da ƙishi. Ya ce kaji ne, ya ce bakin mutane ne. Kowa a gidan ya sha rabonsa na zagi, sai mutum ɗaya da bai taɓa tuhuma ba.

Da ya rasa wanda zai kama, sai ya koma lambun Mama Fibi da masifa, wai ta cuce shi. Ta bar shi ya yi har numfashinsa ya ƙare, sannan ta nuna masa mai dogayen kunnuwan nan da ya raina, yana nan a murɗensa, kusa da shi kuma ga mai miƙaƙƙun kunnuwa yana nan a miƙensa. Ta ce, "Shekara da shekaru suna zaune tare. Murɗar da Allah ya yi, a tukunyarta take tsayawa, ba ta kama maƙwabci. Wadda take kama maƙwabci cuta ce."

Ya juyo gida bai huce ba, yana ta shirya abin da ya kamata ya mayar mata. Yana kawowa bakin ƙofa sai ya ji ana faɗa a ciki, irin faɗan da ya sani sarai, har ya tsaya yana mamakin wa yake yi, tun da shi yana waje. Ya leƙa. Auta ce tsaye a baranda da tukunyarta a hannu, ɗan furen ya mutu ya kwanta. Mahaifiyarta take zazzaga wa masifa, wai ita ta yi sakaci, ita ta kashe mata gadon kakarta. Jijiyar wuyanta ta tashi, tana nuni da yatsa daidai yadda yake yi. Uwar ta ce, "Auta, ni kike ɗaga wa murya?" Yarinyar ta ce, "To yaya zan yi, Mama? Haka Allah ya yi ni. Hali zanen dutse ne."

Baban Tabita ya daɗe a bakin ƙofar nan. Da yamma ya hura wuta a bayan gida da hannunsa, ya kwashe furannin ɗaya bayan ɗaya ya zuba, har da na tsohuwar tukunya mai tsagaggen baki, matarsa tana tsaye tana kallo. Bayan kaka Auta ta tafi. Ba ta tafi da furen kakarta ba, amma ba ta tafi hannu wofi ba, gama ta tafi da abin da ubanta ya dasa mata.

Ma'anar wannan misali ita ce: barandar nan ita ce gidanka, furannin kuwa mutanen da Allah ya ajiye kusa da kai. Gaskiya ne Ubangiji bai yi mu iri ɗaya ba. Wani mai surutu ne, wani shiru-shiru. Wani mai sauri, wani sai an jira shi. Wannan murɗa ce ta Mahalicci, kyakkyawa ce, kada wanda ya ce zai miƙar da ita. Amma akwai wata murɗar da ba daga wurinsa take ba, ita ce muke ɗaukowa daga bayan randa, mu ajiye ta a tsakiyar gida, mu ce a zo a yaba.

Abin da yake ƙona mini rai ke nan, 'yan'uwa. Mutum ya wuni yana yanka matarsa da harshe, mace ta mai da gidanta wurin da yara suke tafiya da sanɗa, in aka yi magana su ce haka Allah ya yi su. Ƙarya ce! Ka yi laifi, sannan ka ɗauki laifin ka rataya wa wanda ya halicce ka? Wane irin ƙarfin hali ne wannan? Ai gara ka ce ka kāsa, a taya ka addu'a, da ka ce Allah ne ya murɗe ka. Wanda ya ce ya kāsa yana da magani. Wanda ya kira cutarsa ado, wa zai warkar da shi? Kuma kada masu sanyin murya su ce ba da su nake ba. Gaba murɗa ce, gulma murɗa ce, raina mutane da ido ma murɗa ce, dukansu kuma suna kama maƙwabci.

Wuƙar nan harshenka ce. Da ita ka yanki na waje da safe, da ita za ka taɓa ɗanka da yamma. In ba ka kai ta gaban Ubangiji ta sha wutar tuba ba, abin da ta ɗebo can shi za ta zuba nan. Hali zanen dutse ne, na ji. To wanda ya yi dutsen fa, ya kāsa goge zanen ne? Mai Cetonmu bai zo don ya yaba wa cutarmu ba, ya zo ne ya raba mu da ita, yana kuma karɓar duk wanda ya kira ta da sunanta.

In kana so ka san wace irin murɗa ce taka, kada ka tambayi kanka, gama kai ne ka ɗauko tukunyar. Yau in an tashi daga sujada, ka koma gida ka dubi waɗanda kuke cin tuwo tare. Ka ga ko suna sakewa in ka shigo, ko kuwa suna kanannaɗewa. Ka kasa kunne ka ji yadda babban ɗanka yake yi wa ƙaninsa magana in yana tsammani ba ka nan, ka gaya mini muryar wa ka ji. Baban Tabita ya ji tasa bayan wuƙa ta riga ta shiga. Naka 'ya'yan kuwa har yanzu suna gida, ba su ɗaure kaya ba tukuna.