Misalin Manomin Citta da Mota Mai Ido

Akwai wani manomin citta a wani ƙauye na gindin dutse, wanda Allah ya buɗa wa hannu shekara uku a jere. Gona ta yi kyau, kasuwa ta yi kyau, har mutumin da ya saba zuwa sujada a kan tsohon keke ya shiga birni ya dawo da mota. Ba irin wadda ake turawa da safe ba. Sabuwa fil, mai ruwan toka, tana kuma da wata baiwa da ba a taɓa jin irinta a ƙauyen ba: in ta hangi mutum ko wani abu a gabanta, direba bai taka birki ba, sai ta yi 'yar ƙara ta taka da kanta.

A birni dillali ya nuna masa haka da mutum-mutumin kwali. Da ya iso gida ya jera kwalaye a filin da yake shanya citta, ya gwada sau uku. Sau ukun nan mota ta yi ƙara ta tsaya cak, saura taki ɗaya. Tun daga ranar bakinsa bai huta ba.

Mutumin ba mugu ba ne. Yana da kyauta, ba ya wasa da addu'a, shi ne ma ya kawo kwanon da aka rufa majami'a. Aibinsa ɗaya ne: in Allah ya yi masa alheri, ba ya jin daɗinsa sai an taru an kalla.

Matarsa kuwa, wadda ake kira Maman Afiniki, ba ta da yawan magana, amma idonta ba ya barci.

Ranar kasuwa ya kai motar wurin mai rubutun motoci, ya ce ba zai hau abin hawa ba sunan Allah a goshinsa ba. Aka manna masa baƙar leda mai faɗi a saman gilashin gaba, daga wannan gefe zuwa wancan, da manyan haruffa rawaya: WANDA ALLAH YA TSARE BA YA KARO. Suna kan hanyar komawa gida, matar ta ga wata 'yar fitila ta kunnu a bayan sitiyari.

Ta ce, "Baban Afiniki, wannan fitilar da safe babu ita."

Ya ce, "Ado ce. Motocin zamani haka suke, kamar amare."

Ba su yi nisa ba wata akuya ta tsallaka hanya da gudu. Mota ta tsaya, akuya ta wuce. Mutumin ya buga sitiyari da murna ya ce, "Kin gani?" Ta gani kuwa. Ta ga ƙafarsa ce ta taka birki, kamar yadda ƙafar kowane direba ke yi ba tare da ta yi shawara da kai ba. Motar kuma ko tari ba ta yi ba. Ta faɗa masa, ya ce ita me ta sani a kan mota, ita da ko keke ba ta iya ba.

Ranar Asabar, ana gobe godiyar kaka, ya same ta tana surfe ya ce, "Gobe bayan sujada zan ba da shaida a gaban ikkilisiya. Za ki tsaya a tsakiyar fili, in taho da mota, in ɗauke ƙafata, kowa ya ga ikon Allah."

Ta tsai da taɓarya. "Ni?"

"Wa zan tsayar in ba ke ba?"

"Shaidar taka ce, Maigida, ƙafafun kuwa nawa ne."

Ya ɓata rai ya ce abin kunya ne a ce matarsa ce marar bangaskiya, ya kuma riga ya gaya wa dattawa. Ya kaɗa riga ya fita.

Ta ci gaba da surfe tana juya abin a ranta. In ta ƙi fitowa a gaban jama'a, ta tsinka mijinta, za a kuma daɗe ana cewa matar wane ta guji shaida. In ta fito ta tsaya, ita kaɗai ta san abin da ta gani ranar akuya. Ga mutuncin miji, ga ƙashin jikinta, ba ta kuwa da niyyar zubar da ko ɗaya.

Gari ya waye. Aka yi sujada, aka yi waƙa, aka tara baiko a ƙofar majami'a: dammunan dawa, doya, buhunan citta, kaji a ɗaure, da kabewa tuli guda. Manomi ya sha sabuwar babbar riga fara mai aiki, da hula. Da aka sa albarka ya miƙe ya ce kada kowa ya tafi, ya bayyana abin da zai yi.

Fasto ya matso ya ce a hankali, "Ɗan'uwa, gwajin nan dole ne?"

Ya ce, "Don ɗaukakar Allah ne, Baba Fasto."

Fasto ya ɗaga kai ya dubi kwanon rufin majami'a, ya sauke, ya koma gefe.

Jama'a ta dare biyu, aka bar fili a tsakiya. Maman Afiniki ta fito da zanen Zumuntar Mata a jikinta, ta je gaban mijinta ta rusuna, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Maigida, ga ni. Amma ina gudar maka bakin mutane. Motar nan ta san ni. Kullum ina cikinta, ni ke share ta. In ta tsaya, gobe za a ce sanayya ce. A kawo mata baƙo."

Mata suka fashe da dariya. Shugabar Zumunta ta ce, "Gaskiyarta. Ko karen gida ba ya cizon uwar gida."

Manomi ya yi dariya shi ma, don maganar ta yi masa daɗi. Ya ce to wa zai zama baƙon? Nan take kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Dattijon da ya fi kowa ƙarfin amin ɗazu ya koma bayan matarsa.

Maman Afiniki ta ce, "Bari in yi maka baƙo."

Ta sa aka mirgino turmi daga gidan fasto, ta kifa shi a tsakiyar fili. Ta ɗora manyan kabewa uku a kai, ɗaya bisa ɗaya, ta tokare su da itace. Sa'an nan ta ce, "Baƙo ba ya zuwa tsirara. Ara masa rigarka, ai dama za ta dame ka a tuƙi." Ya tuɓe babbar riga da hula ya miƙa mata. Ta sa wa kabewa riga, ta kafa mata hula a karkace. Daga nesa sai ka rantse wani attajiri ne ya tsaya jiran gaisuwa.

Manomi ya shiga mota, ya ja da baya har bakin rijiya. Ya taka totur, mota ta taho. Da ya zo rabin fili ya janye ƙafafunsa duka biyu ya naɗe a kan kujera kamar mai cin tuwo, ya fito da hannu ta taga yana ɗaga wa jama'a.

Mota ba ta yi ƙara ba. Ba ta rage gudu ba. Ta ɗauki baƙo ta buga da ƙasa, turmi ya yi gefe, kabewa ta tarwatse, hula ta tashi sama. Manomi ya shiga neman birki, ƙafa ta sarƙe a wando. Kafin ya same shi, mota ta kai gindin mangwaron da aka rataye tsohon ƙarfen taya, wanda shi ne ƙararrawar majami'a. Ta dungure shi, ƙararrawa ta yi ƙara ɗaya mai tsawo, sa'an nan komai ya tsaya.

Fili ya yi tsit. Can sai wata tsohuwa mai nauyin kunne, wadda ta riga ta kama hanyar gida, ta juyo tana dogara sanda ta ce, "Sujada ta biyu za a yi?"

Dariya ta ɓarke, har da masu riƙe ciki.

Manomi ya fito ba ko ƙwarzane a jikinsa. Ya taka zuwa inda rigarsa take. Ga ta shimfiɗe a ƙasa, cikin kabewa ya ɓata ta, sawun taya ya ratsa ƙirjinta daga kafaɗa zuwa kafaɗa. Ya daɗe yana kallonta. Ya ɗaga ido ya dubi matarsa tsaye da ƙafafunta. Ya zauna a ƙasa. Masu dariya suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani tsohon bakanike a ikkilisiyar. Ya zagaya motar, ya sa farce ya ɗaga baƙar ledar nan daga tsakiya, ya kira manomi ya nuna masa wani ɗan gilashi kamar ƙwayar ido a bayan madubi.

Ya ce, "Ga idonta nan. Ka ɗaure mata fuska, ka ce ta gani. Fitila ba ta kunnu ta gaya maka ba?"

Manomi ya sunkuyar da kai. Matarsa ta amsa, "Ta kunnu, Baba. Mun zaci ado ce."

Bakanike ya ce, "Ko da idonta a buɗe, ruwan sama kan ruɗe ta, hasken rana kan kashe mata ido, laka kan rufe shi. An yi abin nan don ranar da ƙafarka ta makara, ba don ka naɗe ƙafa ba."

Da mutane suka ja baya, manomi ya ce da matarsa ƙasa-ƙasa, "Da ke ce fa."

Ta ce, "Da ni ce, da yanzu kana neman mai tuƙa maka tuwo. Tashi, ana kallonka."

Ya tashi, ya ɓare ledar da hannunsa. Mata suka tsince kabewar da ta fashe suka wanke, ranar kuwa ikkilisiya ta sha miyar taushe har da ƙari.

Ma'anar wannan misali ita ce: Allah ya sa wa kowannenmu ido a ciki, wato lamiri, wanda yake hango ɓarna tun kafin mu kai gare ta, ya ja mu mu tsaya. Ku lura, ba giya ce ta rufe idon motar nan ba, ba sata ba. Rubutu ne mai kyau, da sunan Allah a ciki. Maganar gaskiya ce, amma an manna ta inda za ta burge mutanen waje, ta makantar da na ciki. Haka wasunmu suke. Waƙa a baki, gaisuwar 'yan'uwa a baki, ana kiranmu dattijo, ana kiranmu mama, mun lulluɓe lamirinmu da waɗannan har ya daina gani. In 'yar fitila ta kunnu, wato matarka ta yi maka magana, ko ɗanki ya daina sakewa da ke, ko barci ya ƙi zuwa bayan abin da kuka yi wa maƙwabci, sai mu ce ado ce.

Ga kuma abu na biyu, shi ne ya fi ci mini rai. Mai son a ga bangaskiyarsa ba safai yake tsayawa gaban motar da kansa ba. Wani yake tsayarwa. Yaro na zazzaɓi kwana uku, uba ya hana a kai shi asibiti don yana so ya ba da shaida ranar Lahadi. Mace ta fara naƙuda mai wuya, a ce a dakata tukuna a ga abin al'ajabi. Wannan ba dogara ga Allah ba ce, gwada Allah ne da jikin wani. Ku kuma masu gani ku yi shiru don mutumin shi ya rufa majami'a, ku sani kuna cikin motar tare da shi.

Jinƙan Allah gaskiya ne. Sau nawa ya tsai da mu saura taki ɗaya, ba da wayonmu ba? Ku gode masa. Amma wanda ya ba ku jinƙai shi ne ya ba ku ƙafa, ya ba ku hankali, ya ba ku mutanen da za su gaya muku gaskiya ko ba ku so. Ku yi addu'a, ku kai yaron asibiti. Ku yi waƙa, ku je ku nemi gafarar wanda kuka cuta. Allah ya yi alkawarin tafiya tare da mu a hanya, bai yi alkawarin zuwa wasan kallonmu ba.

Mai kunne ya ji, ya kuma sauke ƙafarsa daga kan kujera.